MIKIN BAKIN DA YA WUCE SATI BIYU: ABIN DA RASUWAR KAWUNA TA KOYA MIN

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son yin sa ina fasawa, saboda akwai laifina a ciki, kuma ba kowa ne yake son tona asirin kansa a Facebook ba. Abin da na gani ranar Alhamis ɗin nan a kasuwar Maigatari shi ya sa na ce yau kam sai na rubuta.

Na je sayen rago ne saboda sunan da za a yi a gidan ƙanena. Ina tsaye a kara muna ciniki, sai wani saurayi cikin masu jan dabbobi, wanda da wuya in ya cika shekara 20, ya zaro 'yar leda daga aljihu, ya ɗebo garin taba da yatsu biyu, ya ja leɓensa na ƙasa ya cusa. Ya tofar da yawu gefe, ya ci gaba da harkarsa. Ko kallonsa ba wanda ya yi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don haka na taso ina ganin Kawuna yana yi a wannan karar sama da shekara 30. Kuma a daidai inda yake ajiye tabar nan ciwon da ya zama ajalinsa ya fito.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Lokacin da na samu gurbin karatu a jami'a mahaifina ya riga ya rasu, shi ya sayar da bijiminsa ya biya min kuɗin rajista. Duk wata takarda da nake taƙama da ita yau a ofis, akwai guminsa a ciki. Bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba, hasali ma haushin masu sha yake ji, yana cewa aikin 'yan tasha ne. Amma taba gari da ake kwaɓawa da kanwa, wannan a wurinsa ta dattawa ce. Cewa yake tana kashe ciwon haƙori, tana kore gyangyaɗi in an kwana a hanya da shanu.

Da ƙaramar sallah, wadda ta faɗo tsakiyar bazara, na je gaishe shi. Aka kawo tuwo, na ga yana taunawa ta gefe ɗaya, yana kauce wa yaji. Na ce, "Kawu, me ya same ku a baki?" Ya ce, "Ɗan ƙurji ne, ɗan nan. Tun kafin azumi yake nan, ya ƙi tafiya." Ya ja leɓen ya nuna min. Wani ɗan miki ne tsakanin leɓe da dasashi, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, gefensa ya ɗan tasa, kewayensa fari-fari. Na tambaya ko yana ciwo, ya ce sai dai in gishiri ko barkono ya taɓa.

Ku ji abin da ɗan boko mai digiri ya ce. Na ce, "Zafi ne, Kawu. Ga azumi an sha, ga rana. Ku riƙa shan ruwa da yawa." Na shiga kyamis na sayo masa bitamin da maganin kurkure baki, na hau mota na dawo Gumel ina jin na yi abin kirki. Wallahi ya faɗa min da bakinsa cewa tun kafin azumi mikin yake, wato ya haura wata guda. Wannan maganar kaɗai ta isa in sa shi a mota ran nan. Ban sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da babbar sallah na koma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin shanu, ran nan ko tsoka ɗaya bai iya ci ba, kunu Inna ta dama masa. Mikin ya faɗaɗa, yana ɗan jini in an taɓa, haƙora biyu na ƙasa suna girgiɗi. A tsakanin sallolin nan biyu ba zama ya yi ba. Ya sha kafso iri-iri daga kyamis, ya kurkure da jiƙon bagaruwa, an shafa masa shuɗin maganin nan, an ba shi garin saiwa ya barbaɗa. Na ce mu tafi asibiti. Ya ce ruwa ya sauka, ga shuka ga noma, a bari a ga kaka. Na ƙara matsawa, sai ya faɗi ainihin abin da ke ransa: wani mai magani ya duba ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. In aka yi masa allura ko aka sa wuƙa, zai fusata ya bazu. Dattawan da ke wurin duk suka gyaɗa kai. Ni kuma na ji nauyin in yi musu da su, na yi shiru. Wannan shi ne laifina na biyu.

Sai bayan an yanke riɗi, lokacin da wata kaluluwa mai tauri ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, magana ta fara yi masa wuya, rigunansa suka yi masa yawa, sannan ya yarda. Asibitin farko suka duba suka rubuta mana takarda zuwa Kano. A can aka yanki ɗan nama kaɗan daga mikin aka kai ɗakin gwaji, aka yi hoton wuya da na ƙirji. Ranar da sakamako ya fito likitan ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, yaushe abin nan ya fara?" Na lissafa masa, wata tara. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da lokacin da ka fara gani kuka zo, da aiki ɗaya za mu yi wa Baba, mu cire wurin, kuma da muna da kyakkyawan zaton zai warke. Yanzu ya shiga ƙashi, ya sauka wuya." Bai yi min faɗa ba. Ni dai na fita na zauna a kan benci na kasa tashi.

An yi abin da za a iya. An sayar da shanu, an jinginar da gona, mun yi zaryar wata jiha neman gashi, mun bi layi. Watannin ƙarshe ba na son tuna su. Mutumin da muryarsa ke cika kara ya koma nuni da hannu. Ya riƙa rufe fuska da rawani ko a cikin ɗaki saboda warin da mikin ke yi, har ya ce a daina shigo masa da jikoki. Cikin hunturu Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma neman magani a kan lokaci shi ma umarni aka yi mana. Bayan rasuwar na zauna na karanta, na yi wa likitoci tambayoyi har na gundure su. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai tura fayil. Ga abin da na fahimta, wanda da na san shi da wuri da labarin nan ya sha bamban.

Da farko, ciwon dajin baki, ko kansar baki, ko sankarar baki, duk abu ɗaya ne, kuma ba baƙon ciwo ba ne a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutum kusan 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da cikin baki a wannan shekarar kaɗai, sama da 188,000 kuma suka mutu. Ya fi kama maza, ya fi kama waɗanda suka manyanta, amma mata da matasa ma ba su tsira ba. Yana iya fitowa a leɓe, a harshe, a dasashi, a cikin kunci, a ganɗa, ko a ƙarƙashin harshe. Gefen harshe da ƙarƙashinsa suna cikin wuraren da ya fi so, kuma nan ne ba wanda yake dubawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan yana cikin 'yan kansar da ido ke iya gani tun tana ƙarama. Kansar hanta ko ta hanji sai an sa na'ura. Wannan kuwa madubi da fitilar waya sun isa ka ga alamarta. A ƙasashen da ke ajiye ƙididdiga sosai, irin su Amurka, cikin mutum 10 da aka gano tasu tun ba ta bar inda ta fara ba, sama da 8 suna raye bayan shekara biyar. In ta riga ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, adadin ba ya kai rabi. Ciwo ɗaya ne, bambancin kawai ranar da aka zo asibiti.

To me ya sa muke makara? Saboda a farkonsa yawanci ba ya ciwo. Mu kuwa a nan, abin da bai hana ka barci ba, bai hana ka zuwa gona ba, ba ciwo ba ne. Sannan yana kama da ƙurjin baki na yau da kullum, irin wanda ke fitowa bayan zazzaɓi ko in ka ciji harshe. Bambancin da likitoci suka koya min mai sauƙi ne ƙwarai: ƙurjin baki na yau da kullum yana da zafi, kuma yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14. Wanda ya wuce sati biyu bai warke ba, ko yana ciwo ko ba ya yi, sai likita ya gani. In ka manta da komai a rubutun nan, don Allah ka riƙe wannan: SATI BIYU.

Ga sauran alamomin da ba a wasa da su:

1. Farin tabo ko jan tabo a cikin baki wanda ko ka goge ba ya fita. Jan ya fi farin haɗari.
2. Ƙullutu, ko wani wuri da ya yi kauri ko tauri a leɓe, kunci ko harshe.
3. Haƙori ya fara girgiɗi ba tare da dalili ba, ko an cire haƙori gurbin ya ƙi warkewa.
4. Jini daga baki ba tare da ka ji rauni ba.
5. Leɓe, harshe ko haɓa ya mutu, ka taɓa ka ji kamar ba naka ba.
6. Wahalar tauna, haɗiya, buɗe baki ko motsa harshe.
7. Dashewar murya ko ciwon maƙogwaro da ya ƙi ƙarewa.
8. Ciwon kunne ɗaya alhali an duba kunnen lafiyarsa lau.
9. Kaluluwa a wuya mai tauri, marar zafi, da ta ƙi sacewa.
10. Rama ba gaira ba dalili.

Kada wani ya karanta wannan ya tsorata. Mafi yawan masu irin waɗannan alamomin in an duba ba kansa ba ce. Wani karyayyen haƙori ne ke gurzar harshensa, wani ciwon dasashi ne. Amma ba kai za ka yanke hukunci ba, ba mai kyamis ba, ba kuma ɗan uwanka mai digiri irina ba.

Sai maganar abin da ke jawo shi. Na ɗaya taba, kowace iri. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa, kuma baki ne ƙofar da suke fara bi. Shishar da yaranmu suka ɗauka ado ita ma taba ce, ƙamshin tuffa da aka sa mata bai canza komai ba, ruwan da hayaƙin ke bi ta ciki kuma ba ya tace gubar. Amma wadda na fi jin tsoro a ƙasarmu ta Gumel ita ce wadda ba a kunna mata wuta, ta leɓe da ta shaƙa, saboda ita ba a ɗauke ta taba ba. Dattijo zai fito daga masallaci ya cusa, ba mai ganin laifinsa. An gano sinadarai masu jawo kansa aƙalla 28 a cikin irin wannan tabar. Kanwar da ake haɗawa kuma aikinta shi ne ta sa nikotin ya shige jini da sauri, shi ya sa take kama mutum ya kasa bari. Ka yi tunani, wuri ɗaya a leɓe, sa'o'i a kullum, shekara 30.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'adar ba. A Sudan suna da tasu da suke kira tumbak, garin taba ne da kanwa, ana cusawa a leɓe kamar yadda ake yi a nan, kuma likitocinsu sun daɗe da danganta ta da kansar baki, sau da yawa a daidai inda ake ajiye ta. A Indiya da Pakistan da Bangaladesh, inda ake tauna taba haɗe da wani ɗan itace mai suna areka, kansar baki tana sahun gaba cikin kansar da ke kama maza.

A nan sai na yi wani bayani, don na ga wasu suna fassara areka ɗin nan da goro suna tayar wa mutane hankali. Goronmu daban, areka daban, bishiyoyinsu ma ba dangi ba ne. Inda goro ya shigo maganar wuri biyu ne. Akwai masu haɗa shi da taba, har da iyayenmu mata masu cin goro da fure. Furen nan furen taba ne. Sannan goro yana rina baki, sai jan tabo ko fari ya ɓuya a ƙarƙashin rinin. Mai cin goro ya wanke baki tas kafin ya duba.

Na biyu giya. Na san za a ce mu nan ba ruwanmu. To, mu dai faɗa wa kanmu gaskiya, akwai masu sha a ɓoye, har da irin ta leda da ake fakewa da sunan maganin basir ko na ƙarfi. In taba da giya suka haɗu a baki ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi sosai fiye da na kowace ita kaɗai.

Na uku wata ƙwayar cuta da ake kira HPV, wadda ita ce ke jawo kansar bakin mahaifa, tana kuma jawo kansar can cikin maƙogwaro da gindin harshe. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, kuma Jigawa tana cikin jihohin farko. Na ji surutai iri-iri a lokacin, irin waɗanda muka ji a zamanin rigakafin shan inna. Ni dai 'ya'yana biyu na kai an yi musu.

Na huɗu rana, ga kansar leɓe. Manoma da makiyaya da ke wuni a fili su riƙa sa malafa. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu zabiya, su kam duk wani ɓawo ko miki a leɓe a gaggauta kai su asibiti. Akwai kuma ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace. Alhamdulillahi zogale, rama, yakuwa, tumatir, mangwaro, goba da kankana ba su fi ƙarfinmu ba a lokacinsu.

Duk da haka, akwai wanda bai taɓa kusantar taba ko giya ba kuma ya kamu. Saboda haka in ka ga mai wannan ciwon kada ka fara yi masa lissafin zunubi. Kunya tana cikin abin da ke sa mutane ɓoyewa har a makara.

Yanzu bari in koma kan maganar da ta cinye mana wata huɗu: wai daji ba ya son ƙarfe. Na yi ta tunanin me ya sa mutane masu hankali suka yarda da ita, sai na gane daga abin da suke gani ne. Ana kai mutum asibiti bayan ciwo ya gama cin jiki, a yanki nama a gwada, bayan wata biyu ya rasu. Sai a dawo gida a ce ai tun da aka sa masa ƙarfe abin ya haukace. Alhali ciwon ya riga ya yi nisa kafin a je, jinkirin ne ya yi ɓarnar. Kowace irin wannan rasuwa sai ta ƙara wa maganar ƙarfi, na gaba ya ƙara makara. Mu ma da muka dawo da Kawu na ji masu cewa "ai an faɗa muku."

Wani abin kuma, kalmar daji a bakinmu tana da faɗi. Gyambo daji ne, ƙurji mai ƙaiƙayi daji ne, kumburin ƙafa daji ne. In mai magani ya ce ya warkar da daji sau ɗari, mai yiwuwa gaskiyarsa, amma yawancinsu miki ne da ko an bar shi zai warke. Kansa kuwa ƙwayoyin naman jikinka ne da kansu suka rikice suna hayayyafa ba tsayawa. Ba a gane ta tabbas sai an ɗebi ɗan nama an duba da madubin likita. Ɗibar nan da allurar kashe zafi ake yi, 'yan mintoci ne, kuma ita ce ke nuna wa likita da me yake faɗa. Ban raina masu maganin gargajiya ba, na sha nasu na ji daɗi a wasu cututtukan. Ban kuma ce a bar addu'a ba. A haɗa da zuwa asibiti, kuma a je da wuri.

Don kada ku ce labarin baƙin ciki kawai na zo da shi, ga wani. Bayan rasuwar Kawu na zama kamar mai taɓin hankali a ofis, kowa na gani da taba sai na ce buɗe bakinka. Wani direbanmu, wanda ya fi shekara 20 yana shan sigari, ya biye min don a yi dariya. Na haska waya, sai ga farin tabo a cikin kuncinsa kamar an ɗiga farar ƙasa. Ya ce ya daɗe da shi, ba ya damunsa. Na ce wallahi ko a aljihuna ne sai ka je Kano. Ya je. Aka gwada aka ce bai zama kansa ba tukuna, amma irin wanda ke iya rikiɗewa ne. Aka cire, ya kwana gida ran nan. Ya bar sigari da ƙyar, ya koma sau biyu kafin ya bari gaba ɗaya, yanzu yana zuwa ana duba shi lokaci-lokaci. Jiya ma shi ya kai mu Gagarawa aiki, yana ta zuba surutu har muka dawo.

Ga yadda za ka duba kanka, sau ɗaya a wata, minti biyu. Wanke hannu, wanke baki, in kana da haƙoran roba ka cire. Tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ja leɓen sama da na ƙasa ka duba cikinsu da dasashi. Ja kunci dama da hagu. Zaro harshe, ka duba samansa, ka karkata shi ka duba kowane gefe har can baya. Ɗaga shi ka duba ƙarƙashi. Ɗaga kai ka duba ganɗa. Sa yatsa ka shafa ko za ka ji tauri. Sannan ka lalubi wuyanka da ƙarƙashin muƙamuƙi. In ka ga wani abu, rubuta kwanan watan, ka ɗauki hotonsa da waya. Bayan sati biyu in yana nan, sai asibiti. Iyayenmu da ke ƙauye ba za su karanta wannan ba, kai ne za ka duba musu. In kana jin nauyi, ka ce likita ne ya aiko ka.

Ina za a je? Fara da asibiti mafi kusa, ko na Gumel, ko na Maigatari, ko na Gagarawa, ko na Sule Tankarkar. Nemi likitan haƙori, in babu kowane likita ya duba. Ka faɗi tsawon lokacin da abin ya ɗauka, kada ka rage, kada kuma ka ɓoye maganar taba. In an ba ka magani ka sha sati biyu ba canji, kada ka sake saye, ka koma ka nemi takardar turawa gaba. Akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Na san kuɗin mota kaɗai yanzu abin tunani ne. Amma ni na ga lissafin biyu da idona: na direbanmu bai kai kuɗin tunkiya ba, na Kawu ya cinye garke.

Ina da roƙo ga wasu mutane. Masu kyamis da wanzamai, ku ne kuke fara ganin bakin mutane kafin kowane likita. In mutum ya dawo muku karo na biyu da miki ɗaya, don girman Allah ku ce ya tafi asibiti. Ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, in dattijo ya zo ko da ciwon ƙafa ne, ku ce ya buɗe baki, minti ɗaya ne. Hukumomi, tun 2015 Najeriya take da dokar taƙaita taba, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Ku zaga teburan bakin tasha ku gani ko ana bi. Malamanmu da masu riƙe da sarauta a masarautar Gumel, mun ga yadda bakinku ya yi tasiri a yaƙi da shan inna. Jumla ɗaya a huɗuba ko a wurin ɗaurin aure za ta kai inda rubutuna ba zai kai ba. Gidajen rediyo kuma, ranar 4 ga Fabrairu ta yaƙi da kansa da ranar 31 ga Mayu ta yaƙi da taba, a riƙa tunawa da baki, a kuma ambaci ta leɓe da sunanta.

Saurayin nan na kara kuwa, ban iya tafiya na bar shi ba. Bayan na biya kuɗin rago na kira shi gefe, na ce, "Samari, tun yaushe kake sa abin nan?" Ya ce shekara uku, wai yana ba shi ƙarfin aiki. Na nuna masa hoton Kawu na da, da babbar riga a hawan sallar Gumel. Ya ce ya san shi, yana yaro ya sha riƙe masa igiya. Sai na nuna masa na ƙarshe. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Ya ce, "Alhaji, in sha Allahu zan bari." Ko zai bari ko ba zai bari ba, Allah masani. Alhamis mai zuwa dai ina da niyyar komawa in neme shi.

Yau da dare ka ɗauki waya ka haska bakinka, gobe ka haska na mahaifinka. Ka tura wa wanda ka san yana sa ta leɓe. In akwai likita ko ma'aikacin lafiya cikin masu bibiyata da ya ga inda na yi kuskure, ya gyara min, zan karɓa.

Allah ya jiƙan Kawu da dukkan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya tsare mu da da-na-sani. Amin.

Daga Gumel, jihar Jigawa.